Mai Inji a Ɗakin Sulhu

Duk layin babu wanda bai san muryar Mai Inji ba. Tun tana amarya mijinta ya kafa mata injin markaɗe a wani ɗan ɗaki da ke jikin katangar gidansu. Ya rasu ya bar ta da shi, da shi ta aurar da 'ya'ya, shi ne kuma ya cinye mata rabin ji. Shi ya sa ko gaisuwa za ta yi sai ka ɗauka faɗa take. Tana da zafi, wannan ba a musu, amma ba a taɓa kama ta da ƙarya ba, kuma da wannan take tunƙaho.

Sai wani ya zo ya buɗe wurin wankin mota a bayan katangar. Mutum ne mai sanyin murya, irin wanda ko shi ya taka ka sai ka ji kai ne za ka ba shi haƙuri. Ruwan wankinsa ya dinga kwanciya a gindin bangon, bango ya sha ya ƙoshi, wata safiya ya zube. Allah ya taimaka ba kowa a ɗakin. Mai Inji ta ce ruwansa ne. Shi kuwa cikin ladabi ya ce girgizar injinta ce ta kayar da bangon, neman wanda za ta laƙa wa kawai take. Mutanen layi suka dubi mai hayaniya, suka dubi mai ladabi, suka yanke nasu hukuncin. Har masu kawo markaɗe suka fara ce mata, "Da kin ƙyale bawan Allahn nan." Wannan ya fi faɗuwar bangon ƙona mata rai.

Don haka ta kai ƙara. Abu ɗaya take so: alƙali ya buɗe baki a gaban jama'a ya ce ba ƙarya ta yi ba.

Lauyarta, wata siririya mai tabarau, ta kira ta ofis ta ce, "Mama, yanzu tsari ya canza. Kotu ta ce mu fara gwada sulhu kafin ta saurare mu."

"Sulhu kuma? 'Yar nan, da sulhu nake so me zai kawo ni wurinki?"

"In kika ƙi zuwa, ko kin ci shari'ar, ana iya ɗora miki kuɗin da aka kashe a kanta."

"In ci, kuma in biya?"

"Yana iya faruwa."

"To shi wanda ya faɗi fa, kyauta za a ba shi?"

Lauya ta yi dariya. Mai Inji ba ta ga abin dariya ba, ta koma gida kanta a ɗaure.

Ranar zaman ta ci ado, ta tafi da shaidu: ƙanwarta, da telan layin wanda ya sha ganin ruwan na kwance. Tun daga ƙofa aka ce su biyun su jira a benci, ba a buƙatar shaidu. Ɗakin da aka shigar da ita ba ɗan sanda, ba wurin tsayuwar mai laifi, sai tebur zagayayye, da robobin ruwa, da wani furen roba da ƙura ta rufe. Wani dattijo ya shigo cikin kayan gida. Ta miƙe zumbur ta ce, "Ranka ya daɗe, mai shari'a."

"Zauna, Mama. Ni ba alƙali ba ne, mai shiga tsakani ne."

"To ina alƙalin?"

"Babu."

"Wa zai faɗi wanda ya yi ƙarya?"

"Ba wanda zai faɗa. Mafita muka zo nema."

Ta juya ta dubi lauyarta, ta ga ita ma gyaɗa kai take. Aka karanto sharuɗɗan zaman, ta ce ta yarda ba tare da ta ji su sosai ba. Ta nemi mai wankin mota, aka ce yana wani ɗakin da nasa lauyan. Haka dattijon ya yini yana kai-komo kamar mai aiken kishiyoyin kasuwa biyu da ba sa ga-maciji: ya ji nata, ya fita, ya dawo ya ce, "Ana samun ci gaba." Ita dai ba ta ga inda aka ci gaban ba. Jawabin da ta yi ta haddacewa a bakin inji ta zazzage shi tas, dattijon ya ce ya fahimci yadda take ji, ya miƙa mata ruwa.

Can bayan azahar ƙofa ta buɗe, sai ga mai wankin mota da kansa, yana murza hula a hannu. Ya tsuguna a gabanta.

"Mama, ruwana ne. Na ga bangon yana jiƙewa tun kafin ya faɗi, tsoro ya hana ni magana. Ki yafe mini. Ni zan gina shi, in kuma yi wa ruwan hanya."

Daɗi ya kama ta har hawaye suka zubo. Ta yunƙura za ta ƙofa ta kira ƙanwarta da tela su zo su ji da kunnensu, lauya ta riƙo gefen mayafinta.

"Mama, kin manta abin da aka amince da shi tun da safe? Duk maganar da aka yi a ɗakin nan, a nan za ta tsaya."

"Ko da gaskiya ce?"

"Ko da gaskiya ce. Da ba don haka ba, ba zai faɗa ba. In kika fitar, ke ce kika karya alkawari, ke za a tuhuma."

"To in aka tambaye ni fa?"

"Ki ce an sasanta."

"Tsaya, 'yar nan. Na ci ko na faɗi?"

"Ba wanda ya faɗi, Mama."

Wannan amsa ta bi ta har gida, ta juya ta ta kowane ɓangare ba ta ga kanta ba. Da ta san fita za ta yi da alkawari a wuya, da ta yi tunani sau biyu, domin ita in ta ce ta yarda, ta yarda ke nan.

Ba a jima ba magina suka zo. Mai wankin mota da kansa yake tsayawa a kansu, har yana ɗaukar bulo. Layi ya ɗauka. Masu markaɗe suna jiran layi suna cewa, "Kai, akwai mutanen kirki a duniya. An kai shi kotu a banza, amma ga shi yana gina mata bango." Wata ma ta ce, "Kin dai je kin yi masa godiya ko?" Mai Inji ta cije leɓe, ta ce an sasanta, ta ƙara wa inji wuta.

Duk wannan ta iya haɗiyewa. Ranar da aka gama yaɓe, ƙanwarta ta zo taya ta share ɗakin. Suna kwashe guntayen siminti, ƙanwar ta leƙa waje ta ga ba kowa, ta matso kusa da kunnenta.

"Yaya, ni ce fa. Tunda kika fito daga ɗakin sulhun nan idonki jajur, kin ƙi cewa komai. Tsakaninki da Allah, injin ne ko?"

Mai Inji ta dubi wadda suka sha nono ɗaya, tsintsiya a hannunta. Maganar ta zo mata har baki.

"An sasanta," in ji ta.

Ƙanwar ta dafa kafaɗarta a hankali ta ce, "Ba komai, Yaya. Ba zan faɗa wa kowa ba."