Ƙarfin Gwiwa

Wani ɗan akwatin ƙarfe ne ya fara ɗaukar idona, tun kafin in dubi fuskar mai shi. Tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, fari fat, yana walƙiya a kan tabarmar zaurenmu kamar an gutsuro wata an ajiye. Lokacin na wuce wasan ƙasa amma ban kai budurwa ba, shekarun da yarinya take ɗaukar duk abin da ke ƙyalli alheri ne. Da na ɗaga kai sai na ga Yaya, ɗan maƙwabtanmu wanda Nasara, Turawan mulki, suka ɗauka soja tun ban yi wayo ba. Ya dawo dogo, hularsa a karkace, yana ƙamshin wani sabulu da ban taɓa jin irinsa ba a duk Birnin Damagaram. Ba mu haɗa jini ba. Yaya muke ce masa don Kaka ce ta karɓe shi ranar da ya zo duniya, kuma a tsakar gidanmu ya koyi tafiya.

Kaka, mahaifiyar Baba, ita ce ungozomar unguwarmu. Mai karatu, in ba ka sani ba, aikin ungozoma a wancan zamani aikin gwiwa ne. Mai haihuwa tana kan gwiwa, mai karɓa ma a durƙushe take, wani lokaci tun daga hantsi har rana ta karkata. Haka Kaka ta yi ta yi har gwiwarta ta dama ta gaji. In za ta miƙe sai ka ji tana ƙara kamar tsohon ƙyaure, in damina ta faɗi kuma sai ta kumbura. Wanzami ya yi mata ƙaho, an shafa man shanu, an ɗaura ganye. Baba ya kai ta likita, wato asibiti, majo mai duba marasa lafiya ya ce tsufa ne, ya ba ta ƙwayoyi. Ta dawo tana mita, wai ciwo yana gwiwa an ba ta magani ta baki, wa zai nuna masa hanya? Sannu a hankali mata suka fara aikawa unguwar Zango a kira wata ungozomar.

Abin da ya fi damunta shi ne Inna tana da ciki. Tun bayan haihuwata Inna ba ta sake samun wanda ya zauna ba, wannan kuwa ya zauna. Kaka ta ce ta karɓi 'ya'yan mutane ba iyaka, wannan jinin ɗanta ne, ba hannun da zai riga nata taɓa shi.

Ana cikin haka Yaya ya shigo gaishe ta. Ya ce a can ƙasar da aka kai su, a likitar soja ya yi aiki, shi ke riƙe wa babban lokotoro, wato dakta, kaya. Ya durƙusa a gabanta, ya ɗora yatsunsa a kan gwiwar a hankali, kamar mai taɓa ƙwai.

"Iya, ki bar mini," in ji shi. "Ni zan ba ki ƙarfin gwiwa."

Har yau ina ganin ranar. Ya hura gawayi, ya zuba ruwa a akwatin nan ya ɗora, allurar da gilashinta suna ta juyi a cikin tafasa. Ya fito da wata 'yar kwalba siririya, ya karya wuyanta, ya zuƙe ruwan. A gwiwar kanta ya soka, daidai inda ke ciwo, kuma wannan ne ya kwantar wa Kaka da hankali, don haka ta san magani: inda ciwo yake, nan ake kafa ƙaho. Ko motsi ba ta yi ba. Kafin la'asar ta miƙe ba sanda, ta yi salla da ruku'u da sujada, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Da ta sallame ta dube ni ta ce in na isa in zo mu yi tsere zuwa rijiya, ta ga ko ƙafafun nan nawa na kara za su kai ni. A cikin makon aka zo kiranta haihuwa, ta tafi, ta dawo tana waƙa.

Bakin Kaka ya fi ganga. Duk gidan da ta shiga sai ta ba da labarin ɗanta mai allura, kuma wa zai ƙaryata wadda ta yanke masa cibiya? Tsofaffi suka fara zuwa a kan jakuna, daga Gouna, daga Damagaram Takaya, har daga Gidimuni da dabino a ƙullin zane. A zaurenmu yake ganinsu, wai na gidansu ya yi kaɗan. Sai da na girma na gane inuwar Kaka yake so, ba faɗin zauren ba. Kafin girbi sunansa ya ɓace, kowa Lokotoro yake cewa.

Ni kuwa zuciyata ta tafi. In ina daka sai in ga kaina na girma, da zane mai tsada, ina tsaye a gefensa, marasa lafiya suna tashi suna sa mana albarka. In ya wuce yana fito, sai tsakar gida ta yi mini haske. Bai taɓa ce mini komai ba ban da "ƙanwata, ya gida?" amma wannan kalma takan ishe ni yini guda ina juya ta.

Daɗin allurar bai daɗe ba. Ciwon yakan dawo, ya sake yi, ya sake dawowa da wuri fiye da da. Daga baya ya daina karya ƙananan kwalabe, ya koma zuba ruwan daga wata babba mai toshi. Wutar ma ba kullum yake hurawa ba, don layi ya yi tsawo. Da Kaka ta ce masa yanzu ba ta jin sauƙi, sai ya ce maganin ya shiga ciki ne yana faɗa da sanyin, zafin shi ne alamar aiki. Ta yarda, har tana faɗa wa sauran tsofaffi su daure.

Bayan girbi gwiwar ta kumbura ta yi kamar duma, tana ƙyalli, in ka kusanto da hannu sai ka ji zafi kamar murhu. Zazzaɓi ya rufe ta har ta daina gane mu. Baba ya ɗauke ta zuwa likita. Majo ya tsaga wurin, mugunyar da ta fito Baba bai taɓa yarda ya kwatanta mana ba. Aka ce a kawo babbar kwalbar Yaya. Majo ya ɗiga a yatsa ya lasa, ya ce ruwan gishiri ne, kuma allura mai dauɗa ce ta kai ciwo cikin gaɓar. Ya ce ƙafar ta tsira, amma ba za ta ƙara lanƙwasuwa ba.

Baba ya tara dattawan unguwa a zaure, ni da Inna muna bayan ƙofa. Yaya ya zo da farar riga, ya gaida kowa da ladabi. Bai musa ba. Ya ce maganin da ya zo da shi daga soja ya ƙare tuntuni, mutane kuwa suna ta zuwa daga nesa, ya kore su? Baba ya ce, da muryar da ban san shi da ita ba, ai ya yi wa tsohuwa alkawarin warkewa.

"Baba, ni ban ce zan warkar da ita ba," in ji shi. "Ƙarfin gwiwa na ce zan ba ta, kuma na ba ta. Duk unguwa ta ga tana dariya."

Wani dattijo ya sa hannun riga ya rufe baki, amma na ji dariyar. Wani ya ce ƙaddara ce, ciwo da tsufa na Allah ne. Lokacin ana ta maganar Nasara za su tafi, kowa yana son ya kasance da wanda ya iya Faransanci a kusa da shi, Yaya kuwa ya iya. Aka shafa fatiha, aka watse. Ni na tsaya a bayan ƙofar ina jiran ya waiwayo ko sau ɗaya, ya nuna wani abu ya taɓa shi. Ya sa takalmansa, ya kaɗe rigarsa, ya fita.

Da Baba ya maimaita wa Kaka maganar, ta juya hannuwanta ta dube su. Sannan ta ce, "Ranar da na karɓe shi, sai da na wanke hannuna."

Inna ta haihu da hantsi, cikin sanyi. Ungozomar Zango ce ta zo. Kaka ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗakin, ƙafarta a miƙe kamar taɓarya, tana ta faɗin a riƙe nan, a jira can, ba wanda ke jinta a ciki. Da aka yi wa ƙanena wanka aka miƙo mata shi a naɗe. Ta buɗe zanen, ta duba cibiyar, ta ce an yanke da kyau, ta mayar ta rufe. Daga ranar ba ta ƙara zuwa gidan haihuwa ba. A zaune ta yi sauran sallolinta, kuma sunan Yaya bai ƙara fitowa daga bakinta ba, ko da zagi.

Yanzu ni ma gwiwoyina sun fara ƙarar nan. 'Yata ta kai ni wurin wani lokotoro yaro, ya ce akwai allurar da ake yi a gwiwa, sabuwa fil daga takarda, a yi sau ɗaya a jefar. Ya gaya mini ba ta warkarwa, sauƙi take kawowa na wani lokaci. Na yarda da shi don alkawarinsa ƙarami ne, amma har yau ina ce wa 'yata sai wani makon.

Shi kuwa Yaya, bayan an samu mulkin kai aka ba shi aiki a wani biro, wato ofishin gwamnati, ya yi gida mai bene, ya je Makka. Sunan Lokotoro bai bar shi ba. Ya tsufa ƙwarai, kuma kullum da ƙafafunsa yake wucewa ta ƙofar gidanmu zuwa masallaci, ba sanda, yana ɗaga hannu yana cewa a gaida mutanen gida. Ranar da ya rasu jama'a ta cika titi. Ina zaune a wurin gaisuwa na ji wata mata tana gaya wa 'yarta cewa a zamaninsa ba wanda ya kai shi hannun allura.