Obadiya mai gyaran faifai, ta bakin wanda ya fi kowa jin haushinsa

Kullum da safe, kafin masu zuwa aiki Abuja su gama kokawar shiga mota, Baba Obadiya ya riga ya buɗe shagonsa a unguwar Hashimi ta Suleja. Zai share ƙofa, ya goge tebur, ya tace ruwan saman da ya tara tun damina, don shi ba ya wanke faifan garmaho da ruwan rijiya, wai yana barin ƙasa a cikin tsagi. Sannan ya zauna da gilashinsa mai ƙara girman abu da ƙayar aduwa guda, ya duƙufa a kan faifan da wani ya kawo.

Babu wanda ya san wannan tsari kamar Malam Lawal mai gyaran rediyo, wanda shagonsa ke kallon na Obadiya. Tare suka koyi aiki a hannun Baba Wale tun suna samari. Lawal ya fi shi saurin hannu, kuma ba ya bari a manta da hakan. Amma ranar da Baba Wale zai koma garinsu, sai ya miƙa wa Obadiya garmahonsa. Abin nan ya tsaya wa Lawal a wuya har ya yi furfura.

Idan kana son sanin ayyukan Obadiya, Lawal za ka tambaya, don yana riƙe da su fiye da mai su. Shi zai ba ka labarin mawaƙan wata majami'a a Gauraka da suka kawo faifan iyayensu, duk ƙasa ta cike shi, babu abin da ke fita sai ƙas-ƙas. Obadiya ya shafe shi da gam na kafinta, ya bari ya bushe, ya ɓare shi kamar ɓawon rogo, dattin shekaru ya biyo gam ɗin. Da aka sa, wata dattijuwa ta gane muryar yayarta, ta zauna a dakalin shago tana kuka. "Gam ne fa kawai," in ji Lawal. "Ni ma ina da gam." Yana da shi kuwa, sai dai ba a taɓa yin kuka a dakalinsa ba.

Kai ne, Obadiya, mai bin tsagi kamar manomi a kunya. Kai ne ba ka taɓa cewa faifai ya mutu ba sai ka zauna da shi. Inda karce ya rufe wa allura hanya, kai kake buɗewa da bakin ƙaya, a hankali, har da riƙe numfashi. Kaset ya zo ya wuce, waya ta zo ta zauna, kana nan a kujerarka.

To, ashe Lawal ma yana da faifai a gida. Mahaifinsa makaɗin noma ne a ƙauyukan Tafa, kuma sau ɗaya tak aka taɓa ɗaukar kiɗansa. Tun Lawal bai yi wayo ba faifan ya samu karce a tsakiya, allura na zuwa wurin sai ta yi ta maimaita rabin baiti. Da ya girma ya zama makaniki, sai ya yi abin da masu rediyo suka saba, ya ɗora kwabo a kan hannun garmaho don nauyi ya tura allura gaba. Da kwabo ɗaya ya ƙi, ya ƙara wani. Allura ta yi ta cin wurin har ya zama rami.

Mahaifiyarsa, Inna Mairo, ta tsufa, bana kuma ciwo ya kwantar da ita. Abu ɗaya take roƙo. "Lawal, a wurin nan da faifan yake maƙalewa mahaifinka ya ambace ni. Ina so in ji kafin in tafi." Lawal ya san hannun da zai iya, ya kuma san taku nawa ne tsakanin shagunan biyu. Ya yi ta cewa gobe.

Sai labari ya bazu cewa Obadiya zai rufe shago ya koma gida wajen Kafanchan, bai faɗa wa kowa dalili ba. Ranar da Lawal ya ga ana ɗaure kwalaye, ya naɗe faifan a zanin Inna ya tsallaka titi, fuska a murtuke.

"Na wani kwastoma ne," ya ce da babbar murya. "In ba za ka iya ba, ka faɗa min kawai."

Obadiya ya karanta sunan da ke tsakiyar faifan, ya dubi Lawal, ya dubi ramin. Duk mai sana'ar ya san aikin kwabo in ya gani. "Ka gaya wa kwastoman ya ba ni lokaci, Malam Lawal," ya ce, ya sa aka kwance kwalin da gilashinsa ke ciki.

Ya ɗage tafiyarsa saboda faifan nan. Daga shagonsa Lawal yana hango shi a duƙe, ƙaya a hannu, wani lokaci ya ɗora ɗan yatsa a hannun garmaho ya rufe ido. Lawal ya yi ta addu'a aikin ya yiwu, can ƙasan zuciyarsa kuma wani abu na so aikin ya gagara. Ya ji kunyar abin, amma bai daina ji ba.

Da aka gama, Obadiya da kansa ya ɗauko garmahon Baba Wale zuwa ɗakin Inna Mairo. Ganga ta tashi. Allura ta iso wurin, ta yi ɗan ƙas sau ɗaya, ta wuce. Sai ga muryar mutumin da ya daɗe a ƙasa, garau, yana cewa, "Mairo uwar Lawal, Allah ya raya mana Lawal." Inna ta ɗaga hannu tana murmushi, hawaye na gangara mata cikin kunne. "Allah ya yi maka albarka, ɗana," ta ce wa Obadiya.

Lawal bai taɓa sanin da sunansa a ciki ba. Ya fita tsakar gida ya goge ido, kishin kuma ya biyo shi har can. Da Obadiya ya fito, Lawal ya ce, "Ko a nan ma ka riga ni. Kai ka fara jin ubana yana kiran sunana."

Obadiya ya matso, ya kafa ido a bakinsa. "Ka ɗaga murya, ɗan'uwa. Kunnuwan sun tafi, shi ya sa zan rufe shago. Da ido da yatsa na yi aikin. Me tsohon ya ce?"

Mun gode, Baba Obadiya. Suleja ta gode, har da waɗanda ba su san a hannunka muryoyin iyayensu suka dawo ba. Masu sana'a, ku koyi zama da abin da aka kawo muku, ku koyi rufa asirin wanda ya ɓata shi. Mai tsohon faifai a ƙarƙashin gado kuma ya fito da shi tun masu gyara suna nan.

A tsakar gidan nan Malam Lawal ya kai bakinsa kunnen Obadiya, ya rera masa baitin da ƙarfi. Obadiya ya ce a maimaita, Lawal ya maimaita.