Sunan da Ya Shiga Akwatin Ɗaukar Magana

Sau biyu kacal na taɓa ganin akwatin nan da idona, amma ya hana ni cin abinci da daɗi kwana biyar cur.

A Fagge muke zaune lokacin, 'yan shekaru kafin a sami mulkin kai, ina shekarata ta huɗu a ɗakin miji. Maigidana yadi yake sayarwa a kantin wani Kwara, cikin Larabawan Sham ɗin nan. Mutum ne mai kamewa, idan ya yi dariya da safe, to ta ranar ke nan. Mu huɗu ne a gidan: ni da shi, da mahaifiyarsa da muke kira Inna, sai ƙaninsa, wanda shi ya kwashe duk surutun da wansa ya bari. Ni da ƙanin nan kullum muna cikin tsokana, ka san yadda mace take da ƙanin miji. Ya ce min matarsa, in ce masa gwauron rediyo.

A gidan rediyo yake aiki. Suka ba shi wani akwati mai maɗauri na fata, yana ratayawa a kafaɗa har ya karkace. A samansa akwai faifai biyu, da wani siririn zare mai launin ƙasa da yake warwarewa daga ɗaya ya naɗe a ɗaya, a gefe kuma hannun da ake wanawa kamar na garmaho, injin faifan waƙa. Da shi yake zuwa wajen sarakunan kasuwa da mawaƙa, ya ɗauko muryarsu a saka a rediyo. Ranar da ya fara shigo da shi, maigida ya dube shi ya ce, "Iyakarsa zaure. Ko tarin wani na cikin gidan nan kada ya shiga ciki."

Ni kuwa a zatona abin kamar na mai hoto ne. Mai hoto sai wanda ya tsayar a gabansa yake ɗauka, wanda ke bayan bango ina ruwansa? Babu wanda ya gaya min ba haka ba ne, ni ma ban tambaya ba.

Wata Laraba da hantsi ya zo da wani dattijo mai gurmi, baƙo daga gabas, suka zauna a zaure. Inna ta tafi barka a maƙwabta. Ni ina tsakar gida da gero a turmi, turminmu kuwa a jikin bangon zaure yake, daidai ƙarƙashin 'yar tagar da ke can sama, don nan ne inuwa take daɗewa. Da gurmin ya tashi sai na ji taɓaryata ta bi shi da kanta. Kiɗa ne mai sanyi, ya dace da daka kamar don shi aka yi. Na fara waƙata ta daka a hankali, wadda na saba. Da na ga babu kowa, sai na yi abin da mace take yi idan ta tabbata daga ita sai Allah: na sa sunan mijina a ciki. Sunansa na yanka, wanda tun da aka kawo ni gidan bai taɓa fita daga bakina a gaban mutum ba. Ko yaron maƙwabta mai irin sunan, mai sunan malam nake ce masa. Ranar dai na faɗa, har sau uku, ina yabon tafiyarsa da yadda yake naɗa rawani.

Bayan la'asar ƙanin ya tara abokansa a zaure ya kunna musu. Ina tankaɗe a bayan bangon. Gurmi ya fito, muryar dattijon ta fito, a ƙarƙashi kuma dim, dim, turmina. Na yi murmushi. Sai na ji wata siririyar murya can nesa, kamar ana waƙa a cikin rijiya. Ban gane ta da farko ba, don mutum bai san muryarsa daga waje ba. Waƙar na gane. Da sunan ya zo, rariya ta kuɓuce daga hannuna.

Mazan babu wanda ya ji. Sai yaba dattijon suke. Na ji ƙanin yana cewa ranar Litinin bayan la'asar za a saka, dattijon ma ya riga ya hau jirgin ƙasa na Nguru, wannan zaren shi ne kaɗai.

Wanda bai zauna a Fagge lokacin ba ba zai gane abin da Litinin ɗin take nufi ba. Akwatin rediyo na waya yana rataye a teburin mai shayi, da shagon tela, da rumfar kantin da maigida yake, da gidaje da yawa, har namu, a barandar Inna. Duk abu ɗaya suke faɗa a lokaci ɗaya. Maza za su saurari gurmi. Mata kuwa da sun ji turmi kunnensu zai tsallake gurmin ya tafi wajen mai dakan, don haka ni ma zan yi. Kuma a layinmu mutum ɗaya ne mai wannan sunan da ke da zaure da ƙane a gidan rediyo.

Alhamis ban iya magana ba. Juma'a da safe, da maigida ya fita, na tare ƙanin yana kurkure baki a bakin rijiya.

"Akwai abu a cikin waƙar nan taka."

"Turminki ne, matata. Shugabanmu ma cewa ya yi ya fi ganga. Ki shirya, za a zo neman aurenki daga Kaduna."

"Ba turmi ba. Na yi waƙa."

"To sai me? Muryar sauro wa zai ji?"

"Na faɗi abu a ciki."

"Kin zagi Inna?"

"A'uzubillahi! Gwauron banza."

"To me kika faɗa?"

Nan fa na tsaya. Ta ina zan gaya masa abin da na faɗa, alhali faɗarsa ce laifin? Na dubi ƙasa na ce, "Abin da aka raɗa wa wanda ka bi a nono."

Ya dube ni da buta a hannu. Sai ya ajiye ta, ya zauna a kan murfin rijiya, ya yi ta dariya har da riƙe ciki. "Ashe kin san sunan! Mu da muke zaton a ranar ɗaurin aure aka ɓoye miki. Sake faɗa in ji ko daidai ne." Na ɗauki muciya. Yana cikin kaucewa dariyar ta yanke da kanta, na ga ya tuna abin da wansa ya ce game da tari.

"Sau nawa?"

"Uku."

"Innalillahi. Ke ba ki iya abu kaɗan ba."

Ya shiga zaure ya saurara sau biyu ya dawo ya ce wallahi shi bai ji komai ba sai gunguni. Amma ya ce akwai wani abokin aikinsa, haifaffen Sabon Gari, iyayensa 'yan Kudu ne, shi ne mai yanka zare da reza ya haɗe, ba a gane inda aka taɓa. A ofis ba dama, za a tambayi dalili. Sai dai Lahadi idan ya taso daga coci. Lahadin kuwa maigida yana da ɗaurin aure a Rijiyar Lemo, ba zai dawo ba sai bayan azahar.

Ranar Lahadin ya ɗauko shi a keke. Ni ban ga mutumin ba, muryarsa kawai na sani, mai kauri, Hausa tar a bakinsa. Ya gaishe ni ta bango, "Sannu da gida, uwargida." Shi ma ya saurara ya ce bai ji ba, kuma ba zai yanka abin da bai ji ba. Sai aka shirya haka: za su kunna, ni ina bayan bango da muciya, da sunan ya zo in buga, shi kuma ya sa alama da fensir.

Na buga na farko. Abin da ban sani ba, don ya gano daidai inda kalma ta fara da inda ta ƙare, sai ya kashe injin ya riƙa juya faifan da hannu, gaba, baya, gaba, baya. Muryata ta yi kauri ta ja tsawo kamar kukan bijimi, tana maimaita sunan mijina a zauren gidansa, a gaban ƙaninsa da baƙo. "Nan ne?" In buga sau ɗaya idan e, sau biyu idan a'a. "To nan fa?" Na tabbata ranar na ji sunan daga bakina ya fi sau ashirin. Gumi har cikin kitso.

Inna ta leƙo daga ɗakinta. "Ke lafiya kike dukan bango?"

"Gara ce, Inna."

"Da muciyar tuwo?"

Ta dube ni ta koma.

Na farko ya fita lafiya, don ya faɗo inda dattijon yake kiɗa kawai. Na biyu ya ci rabin wani baiti, mutumin ya yi tsaki ya cire baitin gaba ɗaya. Na ce a ba ni abin da aka yanke. Ƙanin ya miƙo ta ƙofa, guntaye biyu, ɗaya bai fi tsawon yatsa ba. Na juya su a tafin hannuna ina neman inda sunan yake, babu komai, sumul. Na tura su cikin wuta ƙarƙashin tukunya.

Da na buga na uku sai na ji aikin ya tsaya. Wurin da dattijon ya ambaci maigidansa ne, wanda ya koya masa gurmi ya rasu, muryarsa ta karye yana faɗa. Ƙanin ya zo bakin ƙofa, wannan karon babu tsokana a fuskarsa.

"Wannan ba zai yanku ba. Saboda wurin nan aka karɓi waƙar. Shugaba ya saurare shi sau uku, idan babu shi ranar Litinin zai sani."

"To ka ce zaren ya ɓata."

"In ce na ɓatar da na farkon da aka yaba min?"

Sai muryar mutumin Sabon Gari ta zo ta taga. "Uwargida, gobe ni ne a kan injin. Idan an zo nan zan ɗan rage ƙarfi. Kaɗan fa, don idan na danne ki na danne tsohon. Iyakar abin da hannuna zai iya ke nan." Na ce masa na gode, Allah ya saka. Suna ɗaure akwatin ladan ya kira azahar.

Litinin Inna ta aika ta gayyato maƙwabta su zo su ji aikin ɗanta. Mata biyar suka cika baranda, cikinsu har da mai kitsonmu, wadda take shiga gida goma a yini, kuma duk gidan da ta shiga sai ta bar labarin na baya. Ta zauna tana yi wa wata kitso a ƙarƙashin akwatin rediyon daidai. Ni na rakuɓe a jikin ginshiƙi ina tsintar shinkafar da na riga na tsince.

Gurmi ya tashi. Turmi ya biyo. Wata ta ce, "Kai, ana daka a ciki." Na ga kawunansu sun karkata, duk biyar ɗin, yadda na san za su yi. Wurin na farko ya wuce, na biyu ya wuce, ni kaɗai na ji ɗan tsallen da kiɗan ya yi. Dattijon ya fara zancen maigidansa. Sautin ya ɗan yi ƙasa, mutumin Sabon Gari ya cika alkawari. Amma ni na ji shi. Na ji shi kamar a kunnena aka faɗa.

Inna tana share ido da bakin mayafi. Sauran suna ta "Allah sarki." Hannun mai kitso kuwa ya tsaya cak a cikin gashin da take riƙe da shi. Bai fi numfashi biyu ba, ta ci gaba. Da waƙar ta ƙare ana ta yabon dattijon, ita ba ta ɗago ba ta ce, "Ni mai dakan ce ta burge ni. Allah ya bar ta da wanda take yi wa."

"Amin," in ji Inna, ban san ko ta fahimta ba.

Da za ta fita ta tsaya kusa da ni tana ɗaura mayafi. Ta ce a hankali, "Kunnena ya tsufa, 'yar nan. Kwana biyu ba na jin komai." Har ta koma ga Allah ban ji zancen a bakin kowa ba, kuma ni ce da kunne, da ya fita da na ji.

Saura kantin. Can akwatin rediyon a rumfa yake, mutane ashirin suna zaune. Maigida ya dawo gab da magariba, ya yi sallama yadda ya saba. Na kai masa ruwa. Ya sha. Ya ce, "Na ji waƙar ƙanin naki." Na ce to. Ya ce, "Telan da ke gefenmu ya ce kamar turmin gidana. Na ce masa ni ban san muryar turmi ba."

Na jira sauran.

Ya miƙe ya cire babbar rigarsa ya rataye a igiya, ya nufi bangon zaure. Mutumin da ban taɓa ganin ya taɓa ko ludayi ba, ya rungumi turmin nan na kirya, ya kwantar da shi, ya gangara da shi har can ƙarshen gida, bayan ɗakina, ya tayar. Ya karkaɗe hannu yana haki.

"Nan ya fi inuwa," ya ce.

Wurin babu inuwa ko ta tsinke, rana tun hantsi take dukansa har la'asar. Na ce, "Haka ne, Malam." A nan na yi daka shekara goma sha ɗaya, har muka tashi daga gidan.