Zaren Ulun Casiano

Shekara goma sha bakwai ke nan Casiano Ticona yana duba min kwamfutar da ke buga takardun da muke liƙa wa buhunan barkono a rumfata ta kasuwar Cochabamba. Ran da ya fara zuwa, kansa baƙi wuluk, ya miƙo min takardar bayani. Na ce, "Ɗan nan, ko sunana ka rubuta ba zan gane shi ba. Nemi wata dabara."

Sai ya tsinko zaren ulu daga bakin mayafina, ya ɗaura wa kowace waya launinta. Tun daga ranar, in na'ura ta yi gardama, kiransa kawai nake. "Doña Remigia, cire waya mai jan zare, ki ƙirga goma, ki mayar." Shi ke nan.

Haka ya yi wa mai kemis, da masu gidan burodi, da wasu tara. Bai taɓa yawon neman sababbi ba. Matarsa ta yi mita har ta gaji, wai sa'o'insa suna manyan kamfanoni a Santa Cruz, shi yana nan yana ƙulle-ƙullen zare kamar tsohuwa.

Bara gwiwoyinsa suka ƙi. Ko dakali ba ya iya hawa. Gyara ta wayar tarho kaɗai ya rage masa, mu masu zarensa mu ne abincinsa.

'Yata Nélida ta ce a sallame shi. "Mama, mutumin da ba ya iya tashi daga kujera?" Ta kawo 'yan kamfani biyu masu riga iri ɗaya, suka yanke zaren kakaf, suka liƙa 'yan takardu masu rubutu.

Bayan kwana tara na'ura ta tsaya. Buhu arba'in na jiran motar Oruro, Nélida tana wajen likitan haƙori. Na kira kamfanin, wata yarinya ta ce, "Zare wayar da aka rubuta wa firinta."

"Da ina karatu, ke zan kira?" Na kashe.

Na ɗauki tasi na kwaso Casiano, na zaunar da shi a kan buhu, na miƙa masa bakin mayafi. Sai da ya yi awa guda yana ɗauri.

"Mayafin nan ya kusa ƙarewa, Doña."

"Ɗaura ka yi shiru. Ni da kai da na'urar, ban san wa zai riga wani ba."

Nélida ta dawo ta ga zare, ta ɗauko almakashi, ta buɗe baki. Na ce, "Ran da aka binne ni, ki yanke."

Har yau almakashinta yana aljihun tebur.