A'a, Sai Dai

Kakarmu Yalwa ba ta yin tatsuniya sai da wuta a gabanta. Ko a tsakiyar bazara sai an rage mata ɗan garwashi a murhu, wai tatsuniyar da ba ta ga wuta ba ɗanya ce, tana ɓata ciki. Amma lokacin da muka fi so shi ne ƙarshen damina, sa'ad da gero ya fara nuna a gonakin ƙauyenmu, can kusa da Bader Gula. Da an idar da sallar isha'i an kwashe kwanonin tuwo, sai ta baje tabarma a ƙofar ɗakinta, ta jefa ɗanyen ganye a wuta don hayaƙi ya kori sauro. Mu kuma mu kewaye ta, kowa da zangarniyarsa yana gasa tumu, muna murzawa a tafin hannu muna hurawa. Ba ta buɗe tatsuniya irin ta kowa. Sai ta ce, "Ga wata nan tahe, ƙahwarta guda." Mu amsa, "Ta ƙaraso, mu ara mata tamu."

A shekarar da zan ba ku labarinta, ni a ganina na wuce zaman gaban murhu. Na ci jarrabawar birbe ta gama ƙaramar sakandare, na yi shekara guda a lise, wato babbar sakandare, a Dakoro, ina kwana a gidan kwanan ƴan mata da muke kira intarna. Wanda bai yi zaman intarna ba ya huta, amma kuma ya yi asara. Tun da asuba Madam mai tsaronmu za ta kwaɗa wani tsohon ƙarfen mota da aka rataye a bishiyar dogon yaro, mu zabura da bokitai zuwa famfo, ana ture-ture ana rantsuwa cewa "ni na riga ki". Daga nan sai kunu, wanda wata rana har kana hango gindin kofi ta cikinsa. Da rana shinkafa da wake, kuma waken nan bai taɓa zuwa shi kaɗai ba, kullum da ƴan rakiyarsa baƙaƙe suna iyo a saman ruwa. Mukan ce ai nama ne gwamnati ta ƙara mana. Kowace yarinya tana da garin rogo da ƙuli-ƙuli a ƙasan akwati don ranar da abin ya gagara, ranar Lahadi kuwa wanki ne da kitso da gulmar malamai.

A intarna ba a cin abinci ɗai-ɗai. Kowace ƙungiya da tasarta, kuma waɗanda kuke haɗa hannu a tasa ɗaya su ne danginki har ki bar makarantar. Shugabar tasarmu ita ce Ramatu, ƴar Kornaka, doguwa mai faɗa, wadda lissafi ke yi wa biyayya kamar raƙumin da aka ja da akala. Ni kuwa lissafi muna gaisawa ne kawai. Ina ƙoƙari ina wucewa, amma zuciyata tana ga tarihi da Faransanci. Idan an tashi daga karatun yamma, ƴan ɗakinmu kan sa ni in juya musu tatsuniyoyin Kaka da Faransanci, kura ta riƙa cewa "pardon, madame", su yi ta dariya har Madam ta buga mana ƙofa.

To da za mu tafi babban hutu aka gaya mana cewa idan mun dawo kowa zai faɗi sashen da zai bi har zuwa jarrabawar bak, ta kammala lise. Sashe uku ne, kowane da harafinsa. Akwai A ta harsuna da tarihi, akwai C ta masu taurin kai a lissafi, akwai D ta kimiyya, hanyar likitanci. Da bakin Faransanci haruffan nan a, se, de ake kiran su. Tasarmu gaba ɗaya ta yanke cewa De za a yi, don a lokacin A ana yi mata kallon wurin fakewar ragwaye. A gida kuma Babana ya riga ya gama shelanta wa gari cewa ƴarsa likita za ta zama. Abin ya kai idan na zo hutu tsofaffi kan tare ni a hanyar rijiya su kwaye mini gwiwa, wai in duba. Ni dai A nake so, so na gaske, amma na kasa faɗa wa kowa. Ina tsoron a kore ni daga tasa, na fi tsoron fuskar Baba.

Hutu ya kusa ƙarewa, wata rana da yamma muna gaban wuta, Kaka ta zungure ni da sandar da take gyara garwashi.

"Ke Rakiya, mi ke gare ki? Tumunki na ƙonewa kina kallon shi kamar na wani."

Na ce babu komai. Ta ce ƙarya nake, tun da na zo hutu ko kwanon fura ba na shanyewa. Sai na yi ƙasa da murya na ce mata zaɓi aka ba mu a lakwal, wato makaranta, tsakanin a, se, de.

"Tsakanin mi da mi?"

"A, se, de, Kaka."

"A'a, sai dai?" Ta saki sandar ta fashe da dariya har da tari. "Wanga karatu ne ko cinikin akuya a kasuwar Kornaka? A'a, sai dai ka ƙara! A'a, sai dai ka rage! Ashe abin da Nasara ya kai ku Dakoro ku koya ke nan? Da kun zo na koya muku kyauta."

Ƙannena suka ɗauka, suna tsalle suna "a'a sai dai, a'a sai dai". Ni ma ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba. Na yi mata bayani iya iyawata, cewa ɗaya ta masu labarin mutanen da ce, ɗaya ta masu ƙidaya, ɗaya ta masu allura. Ta tambaye ni wadda ƙawayena suka ɗauka, na faɗa. Ta tambaye ni wadda ake so a gida, na faɗa. Ba ta tambaye ni wadda nake so ba. Ta dai dube ni ta cikin hayaƙi, ta gyara zama.

Baba yana can gefe kusa da rumbu yana tufkar igiyar ɗaurin dami. Shi ne ɗan farin Kaka, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban kuma taɓa ganin ta dube shi ta yi masa magana a gaban mutane ba. Idan tana so ya ci abinci, sai ta fuskanci bango ta ce, "A hwaɗa ma mutanen can tuwo na hucewa."

"Ga wata nan tahe," in ji Kaka, "ƙahwarta guda."

Wai a farkon zamani dabbobi ba su san abin da za su ci ba, kowa abin da ya samu yake kaiwa baki, ciki ya yi ta ciwo. Sai aka naɗa wani tsoho ya yi musu rabo. Ya baje abincin duniya a fili, ya ce kowa ya zo ya faɗi nasa da bakinsa. Saniya ta ce ciyawa, aka ba ta. Kare ya ce ƙashi. Aka zo kan kaza, tsoho ya ce ga gero. Kaza ta ga jaki ya rungumi dusa, ta ce, "A'a, sai dai irin na jaki." Aka miƙo mata dusa, sai ta hango tunkiya da kowar wake, ta ce, "A'a, sai dai irin na tunkiya." Tsoho ya ce ta koma gefe ta yi shawara. Kaka tana yin muryar kazar tana karkata kai hagu da dama, mu kuwa har muna faɗuwa a kan tabarma.

Can sai ga raƙumi ya taho daga wajen Tagris, yana tafiyarsa ta ƙasaita. Shi tsohon nan yana son raƙumi ƙwarai, har ya ɓoye masa damin harawa mafi kyau a bayansa. Raƙumi ya duba, ya duba, ya ce shi ƙaya yake so. Fili ya kaure da dariya. Wa ke cin ƙaya? Raƙumi ya ce, "Ku kun ga ƙaya, ni bakina ya san abin da ke tsakaninta." A nan Kaka ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba. Ta ce tsoho ya ji zafi har cikin ransa, ya juya ya dubi harawar da ya ɓoye, ya haɗiye miyau, sa'an nan ya ce, "To, ga ƙayarka, Allah shi sa albarka." Ita kuwa kaza, ko da ta dawo da shawararta an gama rabo an naɗe tabarmi. Babu abin da ya rage sai abin da ya zube daga hannun wasu.

"Shi ya sa har yau take tonon ƙasa," in ji Kaka, "tana ci tana leƙen na wani. To nan tatsuniya ta gaji ta zauna. Ku tashi ku ba ni wuri, kun cika ni da warin hayaƙi."

Washegari muka tafi gona da Baba duba geron da ya isa yanka. Ina biye da shi, ina ta ce wa kaina yau ko kaza ko raƙumi. Da muka kai bakin gona na ce, "Baba, ni A nika so." Muryata ta fito siririya kamar ba tawa ba. Bai juyo ba. Ya kama wata zangarniya yana murza ta, ya daɗe yana murzawa.

"Ita A ɗin nan, ana cin abinci da ita?"

Na ce ana zama malamar makaranta, ana zama alƙali ma.

"Babu allura ke nan."

"Babu, Baba."

Ya hure ƙaiƙayin da ke tafin hannunsa. Sa'an nan ya watsa ƙwayoyin geron a baki ya ce, "To. In sun tambaye ki, ki hwaɗa da ƙarhi, kar ki yi musu irin wagga muryar da kinka yi mini. Allah shi sa albarka." Ya shige cikin gero ya bar ni tsaye. Murna ta hana ni lura da cewa ranar bai ci abincin rana ba, sai daga baya innata ta faɗa mini.

Da muka koma Dakoro na faɗa da ƙarfi, har malamin ya ce ai ba kurma ba ne shi. Ramatu ta yi fushi, ta ce na ci amanar tasa, ta daina yi mini magana. Fushin bai yi nisa ba, domin an ba su aikin rubutun Faransanci ta rasa wanda zai duba mata. Ranar da muka shirya ita da kanta ta tura mini ɓangaren shinkafar da ya fi mai. Yau ungozoma ce a asibiti, ni kuma ina koyar da tarihi a koleji, kuma har yanzu idan mun haɗu sai ta kira ni raguwa. Tsofaffin garinmu sun daɗe ba su yafe mini ba saboda gwiwoyinsu. Kaka kuwa har ta koma ga Allah ba ta san bambancin A da De ba. Idan an tambaye ta abin da jikarta ke karantawa, sai ta ce, "A'a sai dai take yi, kuma an ce tana ƙoƙari."

Na yi shekaru ina ɗauka tatsuniyar nan tawa ce, an yi ta ne don a ba ni kunya in bar halin kaza. Haka nake ba ɗalibaina ita duk ƙarshen shekara, ina yin muryar kaza ina karkata kai. Sai bana ƴata Habsu ta kira ni a waya daga intarnarsu a Maradi. Yarinyar nan tun tana ƙarama take haddace duk abin da na karanta mata, na riga na ware mata littattafaina na A, har na gaya wa abokan aikina cewa ta gaje ni. Ina jin hayaniyar bokitai a bayanta ta ce, "Mama, ni Se nake so." Se, lissafi tsagwaronsa, abin da ko a mafarki ba na so in gamu da shi.

Wallahi bakina har ya buɗe. Na ji kalmomin sun hau kan harshena a jere, a'a, sai dai. A nan na tsaya. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa tsohuwar nan ta ɗaga murya a wurin harawa. Ba da ni take ba. Ni kaza da raƙumi aka ba ni, amma tsoho mai rabo na mutumin da ke zaune kusa da rumbu ne, wanda kunya ba ta bar ta ta yi masa magana ba, kuma ya ji saƙonsa sarai. Ban taɓa yi masa godiya a kan wannan ba, don ban san ya haɗiye komai ba sai da nawa ya tsaya mini a maƙogwaro.

"Mama? Kina ji na?"

Na dubi littattafan da ke jere a kan kantar ɗakina, na haɗiye miyau.

"Ina jin ki," na ce. "In sun tambaye ki, ki faɗa da ƙarfi."