Yadda Motoci Biyu Suka Kai Inna Sansanin Alhazai

Shekaru sun ja, na manta abubuwa da yawa, amma ranar da muka raka Inna sansanin alhazai tana nan daram a zuciyata. Ko yanzu na tuna sai na yi dariya ni kaɗai, jikoki su yi ta kallona.

A ƙarshen shekarun saba'in ne, muna zaune a unguwar Dogo Tebo. Maigidana dillali ne a Kasuwar Shanu. Ya raka shanu Legas, sai ga shi ya dawo da mota 'yar Turai, wadda ya ce daga jirgin ruwa aka sauke ta a gabansa. Ƙanina kuwa, wanda ke aikin akawu, ya sayi irin waɗanda aka fara haɗawa a nan ƙasar. Kun san wasan da ke tsakanin miji da ƙanin mata. To, motocin nan suka ƙara masa gishiri.

Gaskiya ta maigida ta fi kyau. Idan ka rufe ƙofarta sai ka ji ɗif, kamar murfin adaka, ga ta ba ta da ƙara. Ta ƙanina doguwa ce, ko'ina ƙarar ƙarfe, kuma tun makon farko abin murɗa gilashi ya cire, sai a riƙa miƙa wa juna guda ɗaya. Maigida kan ce, "Malam akawu, ina kurar ruwan taka?" Shi kuma ya amsa, "Tana gaida amaryarka, Yaya, mai tsoron taka ƙasa."

Inna ta daɗe tana burin zuwa Makka, har Allah ya nufa a shekarar. Saƙo ya zo cewa ranar kaza da la'asar za a kira sunayen 'yan jirginsu a Maiduguri, wanda bai amsa ba sai yadda hali ya yi. Ita kuwa tana ƙauye, can cikin yashi. Kowannensu ya rantse motarsa ce za ta ɗauke ta, don haka muka tafi da duka biyun.

Inna ba ta yi wa surukinta magana kai tsaye, sai ta bakina. Ta dubi motocin, ta ce mini, "Gaya wa maigidanki tasa zan shiga. Wancan ɗana ne, ba zai yi fushi ba."

Ba mu yi nisa ba muka isa wani kwari da ruwan damina ya tara wa yashi. Ƙanina ya wuce abinsa yana danna ham. Mu kuwa sai muka ji cikin motar ya karci ƙasa, ta nutse ta zauna. Maigida ya taka mai, tayoyi suka ƙara haƙa rami, salansa ta ɓalle, bonet ya fara huci. Inna ta hau jan carbi.

Ƙanina ya dawo da baya, ya leƙo ya ce, "Yaya, ko a shimfiɗa wa amarya darduma ne?" Maigida ya fito daga mota. Ya buɗe but ya ciro igiyar shanu, aka ɗaura. Kurar ruwan nan ta ja motar Turai har bakin kwalta. Aka ɗaure salansar da waya, Inna kuma ta koma motar ɗanta, ni ma na bi ta. Maigida ya biyo mu, motarsa na ruri kamar injin niƙa.

Bakin ƙanina bai rufu ba har muka wuce Damaturu. Daga nan hadari ya haɗu, ruwan ƙarshen damina ya sauko da ƙarfi. Ya kunna abin goge gilashi, ya yi kaiwa da komowa kaɗan, sai ya tsinke ya tashi cikin daji. Ruwa ya fara ɗiga ta gefen gilashin gaba, ta saman ƙofa kuma yana zuba a kan Inna. Abin murɗa gilashin ma ya shige ƙarƙashin kujera. Dole muka tsaya, ba a ganin hanya, ga rana ta karkata.

Maigida ya tsaya a bayanmu, ya fito da lema, ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce, "Malam akawu, ashe har da rumbun wanka aka sayar maka?" Ya ja ƙofar Inna, ta ƙi buɗuwa. Sai ta ɗaya gefen muka fito da ita, tsohuwa tana rarrafe a kan kujera tana salati. Muka koma ta Turai, cikinta a bushe ƙamas, ta tsaga ruwan nan kamar don shi aka yi ta.

Mun isa ana cikin kiran sunaye. Da Inna ta amsa nata sai ta fashe da kuka, ni ma na taya ta. Can ƙanina ya iso jiƙe sharkaf. Ta share hawaye ta ce mini, "Gaya musu duka biyun Allah ya yi musu albarka. Ranar da zan dawo kuma kada wanda ya zo shi kaɗai."

A hanyar komawa, wajen mai shayi, suka sasanta. Maigida ya yarda cewa masu ƙera tasa sun gaji sana'ar tun kakanni, shi ya sa ko ƙusa ɗaya ba ta motsi, amma don sanyi da shimfiɗaɗɗen titi suka yi ta, ba su taɓa ganin yashinmu ba. Ƙanina ya yarda cewa tasa an ɗaga ta an ƙarfafa ta saboda zafinmu da ramukanmu, sai dai hannun masu haɗa ta bai gama faɗawa ba. Washegari suka ci gaba da tsokanar juna kamar ba a yi ba.

Ni dai abin da na koya shi ne, kafin in yabi abu ko in kushe shi, sai na tambayi wa ya yi shi, kuma don wace hanya aka yi shi. Na kuma daina raina hannun da yake koyo, don a ranar da ta fi kowace rana muhimmanci ga Inna, shi ya fitar da mu daga yashi.