Ranar da Na Kai Akwatin Sarkin Noma Sabon Tasha

Na daɗe a aikin soja, na ga abin tsoro na ga abin dariya, da yawa kuma sun bi ruwa. Amma ranar da na kai akwatin abokina gidansu a Sabon Tasha, ita kam ko tsufa ya kwashe min komai sai ya bar min ita. Har yau nakan zauna ni kaɗai in fashe da dariya, maiɗakina ta leƙo ta ce, "Akwatin ne kuma?"

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula abin ya faru. Mu a rediyo muka ji labarin, muna can Saliyo, a wani ƙauye inda aka girke mu mu tare hanya kada 'yan tawaye su kutso. Muka yi ta tsokanar juna cewa manya sun koma bariki, mu ƙanana an manta da mu a dawa. Mutane suna zaton soja a wurin yaƙi kullum harbi yake yi. Ina! Yawancin ranaku jira ne. Ka fita sintiri da safe, ka dawo ka goge bindiga, ka gyara buhunan yashin da ruwa ya zubar, ka shanya safa wadda ba za ta bushe ba, sannan ka zauna dara da marafan kwalba. Ruwan sama a ƙasar tasu ba shi da ranar hutu. Abinci kuwa shinkafa ce da miyar ganyen rogo, in an canza a ba ka kifin gwangwani. Na ci shinkafar da har yau in an dafa ta a gidana sai na tambayi laifin da na yi.

A ramin tsaro ɗaya muke da wani kofur, Kirista ɗan Sabon Tasha, ni kuma ɗan Tudun Wada. Garinmu ɗaya amma sai da muka haye teku muka san juna. Yana ce min Malam saboda carbina, ni da sauran jama'a muna ce masa Sarkin Noma, kuma ba banza ba. Ranar da zai baro gida mahaifiyarsa ta ƙulle masa irin yakuwa a wani tsumman zaninta ta cusa masa a akwati. Da ya ga shinkafa za ta kashe mu kafin 'yan tawaye, sai ya ɗauki shebur ɗin haƙa rami ya yi kunyoyi a bayan buhunan yashi ya shuka. Samanja ya zo ya gani ya hau faɗa.

"Kofur, yaƙi aka turo ka ko noma? Gobe in ga wurin nan tas!"

"Yes sa," in ji Sarkin Noma, bai kuma rushe ko kunya ɗaya ba.

Da yakuwa ta yi ganye, muka yi musayar kifin gwangwani da masara da gyaɗa a wurin matan ƙauyen, muka ari turmi muka daka tsaki. Ni na yi daka, ƙato da ni, matan suna tsaye suna dariya har da riƙe ciki. Ranar Sarkin Noma ya dama mana fate. Tsamin yakuwar nan na taɓa harshena na ji kamar ina tsakar gidanmu, na juya baya don kada a ga idona. Aka kai wa Samanja kwano guda. Washegari a fareti ya ba da oda cewa duk mai gadin yamma ya riƙa sa ido a kan awakin gari, kuma akuyar da ta ci yakuwa mai gadi ne zai amsa.

Duk da wannan barkwanci na Sarkin Noma, abu ɗaya ne ke cin ransa: mahaifiyarsa. Shi kaɗai ne namiji a wurinta, mijinta ya rasu, ga hawan jini. Wani da ya dawo daga hutu ya gaya masa cewa tun da aka kawo akwatin ɗan maƙwabciyarsu, wanda ya faɗi a wani fagen daga, Mama ta daina zuwa gonarta ta Kakau, ta daina cin abin kirki, kullum tana bakin ƙofa. Wasiƙa ba ta kwantar mata da hankali, domin ita maƙwabciyar ma wasiƙar ɗanta ta iso bayan an binne shi. Saboda haka da sabuwar gwamnati ta fara kwaso mu kashi-kashi, sunana ya fito a kashin farko nasa bai fito ba, sai ya kama hannuna.

"Malam, ba aike nake maka ba, roƙo ne. Ka je da ƙafarka Mama ta gan ka. Ka ce mata ina nan ina ci ina ƙoshi. Ka sa kakinka, ta ga ba a tsumma muke ba."

Ya sayo mata atamfa da sabulai, ya busar da ganyen yakuwa, ya ɗebi sabon iri ya ƙulle a tsumman zanin nan nata. Ba jakar da za ta ɗauka, sai ya juye kayansa a buhu ya zuba tsarabar a akwatinsa na ƙarfe, baƙi, mai sunansa da lambarsa da farin fenti. Ya rataya min makullin a wuya. Gidan kuma ya ce ba zan gane kwatance ba, in sauka kusa da kasuwa in shiga cocinsu in tambayi Baba Fasto. Ya ƙara da wani saƙo na baki wanda na ce ba zan faɗa wa dattijuwa ba don rashin kunya ne, ya ce sai na faɗa.

Ku duba fa. Dukanmu mun san yadda ake yi in soja ya faɗi: a haɗa kayansa a akwatinsa, a ba soja mai kaki, a haɗa shi da liman ko fasto, su kai gida. Da hannuna na sha haɗa irin wannan akwati. Amma kullum daga wajen masu haɗawa nake ganinsa, ban taɓa tsayawa a bakin ƙofar da ake kai shi ba. Ga ɗokin gida kuma. Duk sansanin har Samanja ba wanda abin ya faɗo wa.

Na iso Tudun Wada aka sha murna, na huta kwana biyu. Ranar Asabar da hantsi na sa kaki mai guga, na goge takalmi har yana ɗaukar ido, na hau bas da akwati. Na sami Baba Fasto a harabar coci yana duba masu shara, dattijo ne mai fara'a. Da na gaya masa yaronsu yana lafiya ya ɗaga hannu sama ya yi godiya ga Ubangiji, ya ce ai wannan albishir da shi za a kai. Ya ga akwatin da nauyi, ya ce in kama hannu ɗaya ya kama ɗaya. Shi ma murna ta rufe masa ido.

Haka muka shiga layin: soja a dama, fasto a hagu, baƙin akwati a tsakiya, muna tafiya a hankali saboda ƙafar dattijo. Na ga mai suyar ƙosai ta miƙe ta dafe kai. Na ga tela ya tsayar da keke ya fito. Wata mata ta ajiye bokitin ruwa ta ruga a guje ta wani lungu. Ni kuwa, Allah ya shirye ni, sai na ƙara ɗaga ƙirji, a zatona kakin ne yake aiki.

Muka sami Mama a bakin ƙofa a kan kujera 'yar tsugune, siririya, ta zuba wa akwatin ido. To ni tarbiyyar Tudun Wada gare ni, ba a faɗa wa babba magana a tsaye, ba a kuma fara ta sai an gaisa. Na cire hula, na durƙusa, na sunkuyar da kai, na fara: Mama ina kwana, ina gajiya, yaya gida, yaya jiki. Ban kai ga yaya yara ba ta kurma ihu.

"Wayyo Yesu! Sun kashe min shi!"

Ta zube ƙasa. Kafin in ɗago, gidan ya cika. Mata suna ta kuka suna birgima, wata ta riga ta kwance ɗankwali ta ɗaure wa Mama ciki, samari sun ruga coci ɗauko bencina. A wurin yaƙi an yi harbi a kaina ban rikice haka ba. Tsoro ya kama ni sosai, domin na ga numfashinta yana sama-sama, na tuna hawan jinin. Mutum ya roƙe ni in kwantar wa uwarsa da hankali, ga shi zan kashe ta da gaisuwa.

Na yi ta cewa, "Yana da rai! Wallahi yana da rai!" Baba Fasto yana ta ɗaga murya shi ma. Maƙwabciyar nan da aka taɓa kawo wa akwati tana riƙe da kan Mama, ta dube ni da jajayen idanu.

"Haka kuke yi. Ni ma ce min aka yi yana asibiti, sai da aka ba ni ruwa na sha. Soja, faɗi gaskiya kawai."

Na fizgo makulli daga wuyana na buɗe akwatin, na watsar da atamfa, na zaro ƙullin tsumman na sa wa Mama a hannu. Ta gane zaninta. Ta kwance, ta ga iri, ta kai hanci, kukan ya ƙaru, don a ganinta abin da ta ba shi ne aka dawo mata da shi. Dabara ta ƙare min. Sai saƙon nan na rashin kunya ya faɗo min, na miƙe tsaye na faɗe shi da muryar fareti.

"Mama! Ya ce in gaya miki kin yi masa rabin aiki! Kin ba shi irin yakuwa kin manta da gauta. Ya ce fate ba gauta abincin marasa lafiya ne, ki aiko da irin gauta da daddawa ta hannun masu komawa, kuma ba irin daddawar nan taki mai yawan gishiri ba!"

Mama ta ɗago kai a hankali.

"Ya ce daddawata gishiri?"

"Haka ya ce, Mama."

"Yaushe?"

"Ranar da zan taso. Yana tsugune yana cire ciyawa a gonarsa."

Ta dubi irin da ke hannunta, ta sa farce ta fasa ƙwaya ɗaya, ta ga sabo ne. Sai ta tashi zaune ta share fuska da bakin zani.

"Shi ne. Marar kunya! Tun yana goye yake raina girkina. Gwamnati ba ta san zancen daddawata ba. Jama'a, yarona yana da rai!"

Wata ta rangaɗa guɗa, gidan ya kife. Masu birgimar kuka suka miƙe da ƙasa a jikinsu suka kama waƙar yabo, ana tafi ana rawa. Samarin da suka iso da bencina a ka suka tsaya saroro, aka ce su jera, zama dai za a yi. Maƙwabciyar nan ta rungume Mama tana kuka tana dariya, ta ce ko ɗaya ya dawo a layin nan nasu ne duka. Wannan maganar ta taɓa ni ƙwarai. Mama kuwa ta ɗauki mafici ta bi ni da shi a tsakar gida.

"Kai kuma, soja, wa ya koya maka aike? Ka zo da fasto, ka zo da akwati, ka cire hula, sannan ka tsaya tambayata gajiya!"

Ta juya kan Baba Fasto, ya ce shi a yafe masa, nauyin akwati kawai ya gani.

Tukunyar da wata ta kawo don abincin makoki ita aka ɗora. Aka dama fate da yakuwar da ta yi tsiro a bayan buhunan yashi, aka yanka gauta a ciki har ya yi yawa. Mama ta sa aka shimfiɗa min tabarma a ɗakin ɗanta na yi azahar, na fito ta zaunar da ni kusa da ita, tana ci tana tambaya. Yana sa rigar sanyi? Sauro fa? Wa ke masa wanki? Na ba ta labarin Samanja da awaki, ta yi dariya har ta ƙware. Wata jikarta ta raɗa min cewa rabon Mama da ta cinye kwano tun kafin damina. Litinin na zagayowa ta koma gonarta ta Kakau, irin gauta da daddawa kuma suka bi jirgin masu komawa.

Bayan 'yan watanni Sarkin Noma ya dawo da ƙafarsa. Tun a bariki labari ya riske shi, saboda haka da ya doso layin sai ya bar jakarsa a wurin tela ya shiga hannu rabbana. Yanzu duk mun yi ritaya, mun yi furfura, Mama ta tsufa tukuf amma kunnenta garau.

Abin da ranar ta koya min shi ne, wanda ya daɗe yana jira a bakin ƙofa ba gaisuwa yake jira ba. In kana ɗauke da labarin alheri, faɗe shi tun daga nesa, ladabi ya biyo baya. Shi ya sa har yau in na je gidan ba na fara sallama. Daga bakin layi nake ɗaga murya in ce, "Mama, yana da rai!" Ita kuma ta amsa daga ciki, "Na sani, ga shi nan yana raina min daddawa. Shigo, ɗana."